Likitan da Aka Aiko wa Siminti

Husaina ta Garin Tala, can bayan Gidan Sori, ba mace ce mai daɗin zama ba, ita ma ba ta taɓa musun haka ba. Unguwarzoma ce, gadon kakarta. Rabin mutanen garin ita ta yanke musu cibi, shi ya sa ba ta ganin girman gemun kowa. Da aka gina gidan likita a garin sai aka kai ta Maraɗi ta yi mako biyu tana koyon aiki, ta dawo da akwatin ƙarfe da almakashi, tana cewa an ɓata mata lokaci.

Majon da aka turo musu, wato ma'aikacin jinyar da ke riƙe da wurin, Maharazu ne, ɗan Agiye. Shi ne mai allura, shi ne mai ɗinki, shi ne mai cire haƙori, kuma shi kaɗai ne a ƙauyuka goma sha ɗaya. Yana ce mata Inna, tana ce masa Majo, suna faɗa kusan kullum a kan ruwan zafi. Shekara bakwai suka yi a haka.

A bazarar shekarar da aka buɗe jam'iyyu, sanƙarau ya shigo garin. Maganin da ke akwai ya ƙare cikin kwana tara, yara suka yi ta mutuwa a kan tabarmi a gindin itacen bedin da ke ƙofar likita. Maharazu bai yi kuka ba ko sau ɗaya. Sai bayan ruwa ya sauka, cutar ta tafi, sannan Husaina ta fara ganin abin da ba ta so. Yakan wanke hannu har fatar ta sale. Yakan ɗauki allura ya tsaya yana kallonta, mara lafiya na jira da hannu a miƙe. Tuwon da ake aiko masa yakan koma yadda ya zo. Wata rana da hantsi ta same shi a ɗakin magani yana kiran sunayen yaran da suka mutu ɗaya bayan ɗaya, kamar malamin lakol mai kiran sunayen 'yan aji.

Mutanen gari fa? Allah ya isa tsakaninsu da shi. Mutumin da ya yi musu shekara bakwai ba hutu, ba a sami wanda ya je ya ce masa sannu ba, don a ganinsu likita ba ya ciwo. Wasu suka ce girman kai ne. 'Yan wannan jam'iyya suka ce ya koma waccan, shi ya sa yake ƙin yi musu allura, 'yan waccan ma suka faɗi haka. Rabo, shugaban komitin lafiya, wanda bai san bambancin kinin da alli ba, ya fara zagayawa da takarda ana dangwala yatsa don a kori majo a kan lalaci.

Ana cikin haka aka ce manyan buro, wato jami'an gwamnati, za su zo daga Gidan Rumji, wai yanzu dimokuraɗiyya ce, kowa ya faɗi kukansa. Aka shimfiɗa tabarmi, maza suka yi ta zuba a kan rijiya da hanya. Husaina ta miƙe ba wanda ya kira ta. Ta san abin da ke damun Maharazu, amma yana zaune can gefe kansa a ƙasa, kuma wace uwa ce za ta tona asirin ɗa a bainar jama'a? Sai ta lulluɓe maganar.

Ta ce, "Ranku shi daɗe, likita namu ya tsage daga ciki. Daga waje ba a gani. In ba a tallabe shi ba kahin baɗi, faɗuwa za shi yi."

Duk matar da ke wurin ta gane. Amma a ƙasar nan kalma ɗaya ce, mutumin likita, ginin ma likita, in an ce an kai yaro likita ai ɗakin ake nufi. Magatakardan da ya zo tare da su ya gyaɗa kai ya rubuta abinsa da faransanci. Bayan wata biyu sai ga amalanke da buhu shida na siminti da magini. Maginin ya zagaya ginin sau uku yana ƙwanƙwasa bango, bai ga tsaga ba, ya shafe wani wuri don kada a ce bai yi aiki ba. Rabo ya tsaya a gaban jama'a ya ce wannan ƙoƙarin komiti ne.

Husaina ta yi baƙin cikin da ba ta taɓa yi ba, kuma kanta ta fi jin haushi. A makon nan ne ta ga Maharazu ya kwashe ƙwayoyin sa barci ya zuba a aljihun rigarsa. Ta sa hannu a aljihun ta kwashe su. Takardar Rabo kuwa ta riga ta tafi wurin manya. Washegari ta hau amalanken masu kai wake, daga bakin hanya ta shiga mota zuwa Gidan Rumji.

Ta wuni a kan benci a ƙofar buron lokotoro, babban likitan da ke kan dukan majojin yankin. Mai gadi ya ce ta dawo jibi. Ta ce masa ita ta saba jiran naƙuda, ya yi ta kansa. Wajen la'asar aka shigar da ita. Lokotoron ya ɗago takardar ƙauyensu.

Ya ce, "Inna, ai mun aika muku siminti. Ga shi kuma mutanenku sun ce majo ba ya aiki."

Ta ce, "Siminti munka gani. Ni ta yi kuskure, na yi muku magana irin ta mutane. Yanzu ga ta tsirara. Maharazu na da taɓin hankali. Yaran da sunka mutu a hannunai su ne cikin kainai. In kun kore shi, gawa za ku kora. Ku da kuka aje mutum guda cikin daji shekara bakwai, wa ya taɓa zuwa ya tambaye shi yaya ya kwana?"

Kalmar ta fita, kuma ta san ba ta komawa. A wannan ƙasa wanda aka ce ya taɓu, ko ya warke, sunan na bin sa har wurin neman aure da limancin salla. Lokotoron ya ajiye takardar Rabo. Ya ce ba su da wani tsari na duba lafiyar ma'aikata, bai taɓa jin an yi ba. Ta ce to yau ya ji, kuma ba za ta tashi ba sai ya sa ranar da za a je a duba shi.

Ranar Laraba motar buro ta zo. Aka ce wa Maharazu hutun jinya ne, za a kai shi Maraɗi wurin masu duba irin wannan ciwo. Kafin ya ɗaure kayansa labari ya gama gari, mutane sun cika gindin bedi suna kallo, har da masu ja da 'ya'yansu baya. Ya tsaya a gabanta, idonsa ja.

Ya ce, "Inna, ke ta hwaɗa?"

Ta ce, "Ni ta hwaɗa."

Ya ce, "Da kin bar ni na mutu da sunana."

Ya juya ya shiga mota. Garin Tala ya yi wata biyar ba majo, kuma duk wanda ɗansa ya yi zazzaɓi Husaina yake zagi. Waɗanda suka dangwala yatsa don a kore shi su ne suka fi cewa ta raba su da likitansu. Wasu gidaje suka daina kiranta haihuwa. Ba ta ba kowa haƙuri ba, ta ci gaba da noman gyaɗarta.

Bayan shekara uku ta je kasuwar Cadakori da ƙanwarta Dija. A layin masu wake suka hango shi yana ciniki, an ce yanzu yana aiki wajen Gazawa tare da wasu majoji biyu. Ya ɗago, suka haɗa ido. Ya juya ya bi ta layin masu tukwane, ko waiwaye bai yi ba.

Dija ta ce, "Yaya, kin ga ɗan banza? Ko gaisuwa!"

Husaina ta bi bayansa da kallo har ya shige cikin mutane. Ta goge ido da bakin mayafi, ta ce, "Rufe min baki. Ba ki ga ya yi ƙiba, har wuyanai ya cika ba?"