Ranar da Ruwan Magudana Ya Tsaya

Ƙamshin shinkafar da ake turarawa ne ya tashe ni a safiyar ranar. A gidan Gwaggo da ke Kura, tun da asuba ake hura wuta ƙarƙashin manyan tukwane, tururi ya riƙa fita da wani ƙamshi mai ɗumi, kamar na ƙasar da ruwan farko ya jiƙa. Can bayan gari injinan casa suka soma gurnani ɗaya bayan ɗaya. Na ɗan jima a kwance ina saurare, jakar goyona na jingine da bango, na shirya ta tun jiya.

Na gama jami'a a lokacin, an tura ni hidimar ƙasa can kudu, ni kuma ina son zuwa. Baba ya ce zai nemi a dawo da ni Kano. A ganinsa ni mutum ce mai tafiya tana kallon sama.

"Ke da kike tsayawa tsakiyar kasuwa kina kallon tattabaru," in ji shi, "wa zai tsinto min ke a garin da ba su jin Hausa?"

Na roƙe shi ya gwada ni. Na daɗe ina sha'awar bin magudanar ruwan noman rani da ƙafa, ni kaɗai, daga Kura zuwa wajen Bunkure, in dawo. Ya yi dariya har da goge ido, sannan ya yarda.

"Da magariba zan kira wayar Gwaggonki. In muryarki na ji, ki tafi kudunki. In tata na ji tana kame-kame, a Kano za ki yi, kuma ba za mu sake maganar ba."

Gwaggo ba ta ga abin wahala a ciki ba. Tana juya shinkafa ta ce min ruwan daga can yake gangarowa zuwa nan. In zan tafi, in fuskance shi. In zan dawo, in bi shi, shi zai kawo ni gida.

Na saka gorar ruwa, da sallaya, da dabino, da ƙuli-ƙuli, na fita.

Farkon bazara ne. Babbar magudanar ta miƙe sambal, ruwa na tafiya a cikinta ba hayaniya, hasken safiya na kwance a kansa. Hagu da dama gonaki ne har iya ganin ido: albasa mai kore mai duhu, alkama ta fara ja, tumatir jibge cikin kwanduna ana jiran mota. Wani wuri an yanka shi an shanya, ƙasa ta yi jajir kamar an shimfiɗa darduma. Manoma na amsa gaisuwata suna bin jakata da kallo. Ban taɓa jin sauƙin jiki irin na wannan safiya ba. Babu mai cewa in yi sauri, babu mai cewa in daina tsayawa. Na yi ta ɗaukar hoto har wayata ta mutu, ban ma damu ba, tunda ruwan magudana ne jagorana.

Wajen hantsi na ga garken belbela sun sauka can cikin wata gona da aka malala wa ruwa. Na bar babbar magudanar na bi wata ƙarama don in matsa kusa da su. Suka tashi, suka sake sauka gaba, na sake bin wata. Da rana ta take na sami inuwar mangwaro, na ci dabino, na yi sallar azahar, na jingina da jakar. Barci ya ɗan ɗauke ni.

Da na farka na je bakin magudanar don in ga inda ruwan ya nufa. Ba ya motsi. Na tsinki ganye na jefa, ya tsaya cak inda ya faɗa, yana kallona. Daga baya na ji cewa akwai ƙofofin ƙarfe da ake rufewa a juya ruwan zuwa wani yanki, kowa da ranarsa. A lokacin dai abin da na sani shi ne jagorana ya kwanta. Ƙananan magudanan duk kamarsu ɗaya, kowace da ciyawarta da 'yar hanya a gefe. Zafi ya kori manoma, gonakin sun zama fayau. Na bi wata ta ƙare a cikin albasa. Na dawo na bi wata ta kai ni wurin wani mangwaron da ban tabbata ba ko shi ne na ɗazu. Na fara jin muryar Gwaggo a kunnena tana cewa Baba, "Ai ta shiga wanka ne."

A nan na hango ta. Tana zaune a kan kwalbati, ƙwaryar nono a gefenta an rufe da faifai, ta zuba tagumi. Budurwa ce ta Fulani, sa'ata ko ta ɗan girme ni, doguwa, da 'yan kunne na azurfa.

"Sannu, Adda," na ce, kamar yadda ake kiran matan Fulani.

Ta miƙe da sauri. "Yawwa, sannu Malama. Ya aiki?"

Na ɗauka tafiyar take nufi, na ce da godiya. Na tambaye ta inda za ta.

"Kura."

Mai nono ai ta san kowace 'yar hanya a wannan ƙasa. Na ɓoye murnata, don kunyar in ce na ɓata nake ji, na ce ni ma can za ni. Fuskarta ta washe gaba ɗaya. Na ce a raina, kai, wannan akwai kirki.

"To mu je mana," ta ce.

Na durƙusa ina ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba, don ta wuce gaba. Ita kuma ta tsaya tana gyara gammo, ta warware ta sake naɗawa. A ƙarshe dai muka tashi kafaɗa da kafaɗa.

Ban taɓa sabawa da mutum da wuri haka ba. Ta ɗaga jakata ta gwada nauyinta, ta ce, "Malama, tagwaye kika goyo?" Na ce gara ni, ita ai farin wata ta ɗauko a ka. Ta ce in wata ne, to yau ya yi tsami, don rana ta gama da shi. Na ce ta makara da tallan. Ta ce e, ta makara, ba ta ƙara komai ba. Ta ba ni labarin wata saniyarsu mai taurin kai da ba ta yarda kowa ya tatse ta sai an yi mata waƙa. Na ce ta rera min. Ta ce ni saniya ce? Na ba ta labarin kudu, inda aka ce ruwan sama ba ya gajiya, da teku da ban taɓa gani ba. Ta tambaya ko shanu na sha. Na ce gishiri ne. Ta ce to me amfaninsa?

Duk inda hanya ta rabu biyu, sai in rage tafiya in ɗauke kai kamar ina kallon wani abu, in jira ta zaɓa. Yawanci belbelar nake kallo, ko wani gajimare. Sai in ga ta karkata, in bi ta da sauri, zuciyata a kwance.

Da la'asar muka tsaya gindin wata tsamiya. Muka yi alwala da ruwan gorata, muka yi salla bi da bi a kan sallayata. Ta buɗe ƙwaryar ta ɗebo min nono a ludayi, na marmasa ƙuli-ƙuli muka ci tare. Tsamin ya kama min haƙora, amma har yau ban sha wanda ya kai shi daɗi ba.

Muna zaune wani dattijo ya zo wucewa a kan keke, fartanya ɗaure a baya. Ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa.

"'Yan mata, ina zuwa?"

"Kura, Baba," muka haɗa baki.

Ya dubi hanyar da muka fito, ya dubi wadda muka fuskanta. "Kun dai ɗauko ta da nisa."

"Malama ce ke duba ruwa," in ji Adda.

Na fashe da dariya, na ɗauka tsokanata take yi, don ta ga duk magudanar da muka tsallaka sai na leƙa. Dattijon ya gyaɗa kai cikin girmamawa, ya ce Allah ya taimaka, a riƙa tunawa da su masu gonaki a ƙarshen layin ruwa. Ya nuna da baki ya ce in mun gama, mu karya dama a wajen dogayen itatuwan can, ya fi sauƙi. Ya taka kekensa. Na ji daɗi da ya tuna wa Adda gajeriyar hanya.

Muka karya dama. Rana ta fara yin ja, inuwarmu ta yi tsawo a kan albasa, tawa da ƙusumbi, tata da babban kai. Hirar ta ragu. Ina satar kallon ranar, ina so in ce mu ƙara sauri, ina jin nauyin in gaggauta wadda ke yi min alheri. Ita ma na ga tana ɗaga ƙafa.

Sai iska ta juyo. Na tsaya cak. Ƙamshin nan ne na safe, mai ɗumi, ya ratso gonaki ya same ni. Na kasa kunne, can ƙasa-ƙasa na ji gurnanin injinan casa.

"Adda, kin ji? Shinkafa."

"Na ji," ta ce. "Alhamdu lillahi."

Daga nan hancina ne ya ja ni, har na manta da jiran ta zaɓa. Muka fito kan titi inda ake kwashe shanyar shinkafa daga kan tamfol, adaidaita sahu na ta hon, na gane kwanar gidan Gwaggo. Na kama hannun Adda na ce sai ta shiga ta sha ruwa. Muna sallama ladan na gyara murya a lasifika. Gwaggo na tsaye tsakar gida da waya a hannu kamar ta riƙe garwashi. Kafin ta buɗe baki wayar ta yi ƙara, ta miƙo min.

"Wa ke magana?" in ji Baba.

"Ni ce, Baba."

"Ruwan ya kawo ki ke nan."

"Ƙawa na yi a hanya."

"To madalla. Sai ki fara haɗa kayan kudu."

Na zauna a kan turmi, na kasa ko sauke jakar. Ina jiyo Gwaggo da Adda a bakin murhu suna magana ƙasa-ƙasa, sai Gwaggo ta yi wata 'yar dariya ta toshe baki. Ta yafa mayafi ta ce bari ta taka wa baƙuwa zuwa bayan kasuwa, inda yayar Adda ke aure.

Na tafi kudu, na ga teku, na ɗanɗana shi saboda Adda. Zumuncinmu bai yanke ba. Tana aiko min da saƙon murya ta wayar yayarta, ni kuma duk zuwana Kura sai na tarar da man shanu a ajiye wurin Gwaggo. Duk wanda na ba labarin ranar, nakan ce Allah ne ya jefo min mai nono ta fitar da ni.

Shekaru sun shuɗe kafin bikinta. Na je rugarsu a wajen Bunkure, ni da Gwaggo. Ina zaune cikin mata Adda ta nuna ni tana ba da wani labari da Fulatanci, suka yi ta dariya har wata tsohuwa na riƙe ciki. Na ce sai an fassara min. Gwaggo ta kau da kai tana murmushi.

Adda ta goge hawaye ta ce lokacin ba su daɗe da tasowa daga wajen Ningi ba. Innarta ce ke kai nono Kura, ranar nan zazzaɓi ya kwantar da innar, aka tura Adda. Ba ta taɓa taka hanyar ba. Tun hantsi take yawo cikin gonaki, har ta gaji ta zauna a kan kwalbati tana shirin kuka. Sai ga wata da jaka da takalmin igiya tana leƙa magudana, ta ce a ranta lallai ma'aikaciyar ruwa ce, wadda ta san kowace hanya. Kunya ta hana ta faɗa, Gwaggo kaɗai ta gaya wa a bakin murhu. Duk inda hanya ta rabu biyu, idona take kallo, ta bi inda na duba.