Inda Dambun Yaya Ba Zai Kai Ba

Shekara uku na yi ina sallah a kan farar kujerar roba, irin wadda ake jerawa a gidan biki. Ba tsufa ne ya ɗora ni a kanta ba, jiki ne. Ni mai ɗinki ce. Tun da muka baro Damagaram muka zauna a Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya aikina ke nan, in zauna gaban keke daga hantsi har la'asar, kuma duk abin da na ci sai ya nemi wuri ya zauna tare da ni. Metir ɗin da nake auna mata da shi ya daina zagaye ƙuguna, sai na danne ƙarshensa da yatsa na ƙara taƙi. Wannan bai hana ni barci ba. Abin da ya dame ni shi ne goshina ya manta da ƙasa. In na ga mata sun yi sujada ni kuwa ina zaune ina sunkuyar da kai kamar mai gyangyaɗi, sai baƙin ciki ya kama ni. So nake in yi sujada irin ta kowa kafin in mutu, iyakar burina ke nan.

Likitar da ke duba min suga da gwiwoyi wata Balarabiya ce siririya, wadda nake jin haushin ganinta tun kafin ta buɗe baki. Ta ce mun gwada tafiyar ƙafa, mun gwada rage tuwo, mun gwada magani, abin da ya rage shi ne a yi min aiki a rage tumbin. Ta rubuta min garuruwa uku inda ta san ana yi: Wargla, Alje da Annaba. Ta ce in yi la'akari da nisa, don bayan aiki akwai komawa a duba ni, kuma zan buƙaci mai jinya. Sannan ta ɗaga ɗan kofin shayinta ta ce makonnin farko ruwa-ruwa kawai zan sha, kuma kada ya wuce cikin wannan. Na kalli kofin. Da irinsa Yaya take ɗanɗana gishirin miya.

Yaya ita ce babbar 'yar'uwata. Ita ta riƙe ni tun ina shekara huɗu, lokacin da mahaifiyarmu ta rasu. Ina yarinya daga ƙashi sai ido, matan unguwa suka yi ta gulma wai ba ta ba marainiya abinci. Ta ɗauki maganar da zafi, kuma har yau ba ta ajiye ta ba. Abinci take sayar wa masu aikin gini kusa da Kasuwar Assihar, kuma kullum kwanon farko nawa ne. In muka je suna, ni take turawa gaba in fara shiga, don a ga aikinta.

Ranar da na kawo takardar likita, maigidana ya kira Yaya aka zauna. Shi tsohon direban kamiyon ne, wato babbar motar kaya, ya ajiye tuƙi amma bai ajiye taswirarsa ba. Ya shimfiɗa ta a kan tabarma, ya danne kusurwoyinta da takalma, ya ari metir ɗina ya yi ta awo yana gyaran murya.

"Wargla ta hi kusa," in ji shi.

Kusa a bakin mutumin Tamanrasset yana nufin kwana da wuni a mota, ka sauka ba ka jin ƙafarka.

Yaya ba ta ko kalli taswirar ba. Ta ce, "Wasu na shan magani su samu jiki, ke za ki kai kanki a yanke. Auta, shekara arba'in ina ginin nan."

Maigidana ya ce mata a hankali, "Yaya, sujada take so ta yi."

Yaya ta kurɓi shayinta. Daga nan ta ce ta yarda, amma da sharaɗi: a je mafi kusa, kuma ita za ta yi jinya.

To, a wurinmu ba a zuwa dubiya hannu rabbana. Kuma mara lafiya ba ya mayar da kwano cike, sai a ce ko ya raina ne, ko kuma ya kusa tafiya. Kafin mako ya zagayo matan unguwarmu sun raba aiki. Wannan farfesun kaza, waccan fura, wata kuma ta samo direban bas da zai riƙa kai kuloli Wargla. Ina zaune gaban keke ina jin ana shirya min walima, ni da za a bari da tumbi kamar lalitar yaro. Kwanon kowa zan iya turawa ƙarƙashin gado, amma ban da na Yaya. Tun da nake ban taɓa ce wa abincinta a'a ba. Na taɓa cin malmala biyu ina zazzaɓi ina kuka, don kawai ta tsaya a kaina da ludayi. Na san in ta ce, "Ko loma guda, Auta," zan buɗe baki ko da ɗinki zai warware. Ni kuwa na san abin da ke faruwa da ɗinki in aka cusa masa abin da ya fi ƙarfinsa.

Yaya ba ta aiki da ka. Ta ce sai ta san wane abinci ne zai jure hanya. Ta samu direban da ke zuwa Idlès, wani gari mai muguwar hanya, ta ba shi kuloli huɗu ya tafi da su ya dawo da su, wai abin da ya jure hanyar Idlès zai jure duniya. Tuwo ya dawo da tsami. Shinkafa ta dawo da warin da ya kori kaji daga tsakar gida. Miyar kuɓewa ba ta dawo ba, ta tsaya a rawanin wani dattijo da ke zaune kusa da kular lokacin da mota ta faɗa rami. Dattijon ya aiko da gaisuwa, ya ce miya ta yi daɗi amma a ƙara yaji. Dambun tsaki kaɗai ya dawo da mutuncinsa.

Ta zo tana ba ni labari cikin murna, ni kuwa ina sauraro kamar ɗan leƙen asiri. Na ce, "Yaya, shi dambun kwana nawa yakan yi?"

"In an turara shi da kyau, biyu. Uku in ana sanyi."

Da ta tafi na jawo taswira na ɗora metir. Wargla tana cikin ikon dambu, na soke ta. Alje ta fi nisa, amma akwai surukar maƙwabciyarmu a can, kuma tana da murhu. Wannan ya fi muni, don da zafinsa abinci zai zo. Na ci gaba da jan metir sama har ya kusa faɗawa teku. A Annaba ba mu san ko akuya ba.

Na gaya wa maigidana cewa an ce likitan Annaba ya fi hannu. Babu wanda ya ce haka, ni na ce. Ya auna sau uku, ya cire tabarau ya goge ya sake aunawa.

"Hajiya, nan fa takarda ta ƙare."

Na ce na gani. Ya kalle ni, ya kalli kular Yaya da ke gefen ƙofa, ya naɗe taswirarsa. Washegari shi da kansa ya gaya wa Yaya cewa wurin sai a jirgi. Duk unguwa an san Yaya ta rantse ba za ta shiga abin da ba ya tsayawa a yi alwala ba. Na zaci za ta tada rigima, har na shirya amsoshi. Cewa kawai ta yi, "Allah ya kai ku lahiya," ta ɗauki kularta ta tafi ba tare da ta buɗe ta duba ko na cinye ba. Na yi nasara, kuma kunya ta hana ni jin daɗinta.

A Annaba mun yi kwanaki ana gwaje-gwaje, sannan aka yi aiki, aka gama lafiya. Na farka da ciwo da ƙishirwa da maigidana. Allah ya saka masa da alheri, amma jinya ba fanninsa ba ce. Duk bayan minti biyar sai ya ce, "Ya jikin?" sannan ya koma taga ya ba ni labarin yadda direbobin garin ba su iya kwana ba. Matar da ke gadon kusa da ni danginta sun cika ɗaki, ana gyara mata filo ana shafa mata kai. Ni babu wanda ya leƙo. Abin da na auna da metir na samu daidai, ba ragi. Na juya fuskata bango na yi kuka a hankali, don kuka mai ƙarfi yana jan ɗinki.

Kwana biyu bayan aiki, da hantsi, na ji ƙamshin daddawa a baranda. Na ce wa kaina magani ne ke min gizo. Sai ga Yaya ta shigo, ƙafafunta sun kumbura sun yi sumul, da jakar bakko a ka da wata a hannu. Motoci uku ta canza. Bayanta wata ma'aikaciyar jinya tana biye tana cewa "mamnu'u, mamnu'u," wato an hana, amma maganar ba ta fita sosai saboda akwai kilishi a bakinta.

Yaya ta sauke kaya ta ce, "Sannu, Auta. Kin tahi inda ƙasa ta ƙare."

Ta fara fitarwa: kilishi, dambun nama, cuku, dakuwa, abubuwan da ban sa a lissafina ba don ni tuwo da dambun tsaki kawai na auna. Na rufe ido, na tattara duk ƙarfin da ya rage min, na faɗi abin da ban taɓa faɗa ba.

"Yaya, ba zan iya ci ba."

"Wa ya ce naki ne? Na masu kula da ke ne. Mutum in ya ci abincinka ba ya wuce gadonka bai tsaya ba."

Ta kwance haɓar zanenta ta fito da ɗan kofin shayi, an zagaye tsakiyarsa da jan zare. Ashe bayan tafiyarmu ta je wurin likitata da kanta, da Larabcinta na kasuwa wanda bai wuce ciniki da faɗa ba, ta zauna ta ƙi tashi sai da aka nuna mata abin da zan sha da iyakar inda zai tsaya.

"Na san ni kika guda," in ji ta. "Tun ranar da kika tambayi dambu kwana nawa yakan yi na gane. Ke da ba ki taɓa tambayar komai a kan abinci ba sai ko akwai ƙari."

Maigidana ya ga wani abu mai muhimmanci ta taga, ya tsaya a can.

Kafin azahar ta ƙulla zumunci da dangin maƙwabciyar gadona, ba su jin Hausarta, ita kuma Larabcinsu ya fi ƙarfinta, amma sun ba ta aron murhu. Ta dawo da romon kaza da ta tace sau uku har ya zama kamar ruwan alwala. Ta nuna wa ma'aikaciyar jinya, aka yarda. Ta zuba daidai zare, ta riƙa ba ni a cokali. Da ya ƙare, na buɗe baki don sabo. Hannunta ya nufi tukunya, ya tsaya a hanya, sannan ta mayar da shi cinyarta.

"Ya isa," in ji ta.

Shekara arba'in ban taɓa jin wannan kalma a bakinta ba, kuma na ga abin da ta ci mata kafin ta fito.

Wayona kuwa na biya shi da jikina. Duk lokacin komawa a duba ni sai mun ratsa ƙasar tun daga gindinta har kanta. Maigidana bai taɓa yi min gori ba. Taswirarsa kawai yake fitarwa ana gobe tafiya, ya shimfiɗa ta inda zan gani, ya tafi masallaci. Duk matar da ta zo ɗinki ta tambaye ni shawara, cewa nake ta zaɓi na kusa, ta kuma yi wa yayarta magana da baki.

Wata na tara bayan aiki, wata la'asar, na ture kujerar gefe na shimfiɗa darduma. Yaya ta shigo da ɗan kwanon da take kawo min yanzu, wanda ko kyanwa za ta raina, ta tarar na tada kabbara, ta tsaya a bakin ƙofa. Gwiwoyina suka yi ƙara, suka yi gardama, suka sauka. Goshina ya taɓa ƙasa. Na ji ƙamshin darduma da na manta da shi, na daɗe a nan fiye da yadda ake daɗewa, hawaye yana bin hancina.

Na sallame, sai tashi ya gagara. Na dafa nan na dafa can ina juyi kamar kunkuru. Yaya ta ajiye kwano, ta sa hannu a hammatana, ta ɗaga ni tashi ɗaya. Mu duka muka yi mamaki. Ba ta sake ni nan da nan ba.

"Kin koma yadda aka ba ni ke," in ji ta.

Ta kau da kai, ta goge fuska da gefen mayafi, ta ɗora farar kujerar a ka ta nufi ƙofa. Ta ce masu cin abincinta ba su da isasshen wurin zama.