Farin Kwanso da na Tagulla

Duk lokacin da ɗan ƙarfe ya faɗi a kan siminti ya yi ƙara, sai in tuna shekarar da aka kawo Kaka birnin Guangzhou neman maganin ido. Ƙarshen shekarun casa'in ne, ina yaro. Abba yana sayen jakunkunan fata a kasuwar Shiling yana aikawa Kano, ɗakinmu cike da samfurin maɗauran jaka na ƙarfe, farare masu ruwan nikel da na tagulla. Kaka kan zauna bakin taga yana jefa su ƙasa, yana gane farin daga sautinsa.

Maharbi ne shi tun ƙuruciya. Bindigarsa wani Bature da ya yi wa jagora a daji ne ya bar masa, tare da ƙarfen da ake sake cika harsashi da shi. Ba ya yar da kwanson harsashi. Yakan tsince shi, ya goge, ya zuba albarushi, ya mayar da sabon kai.

Lokacin danshi muka shiga, bango yana gumi, wanki ba ya bushewa. Kaka ba ya jin yaren kowa, abincin ma bai karɓe shi ba. Ranar Juma'a kaɗai fuskarsa ke sakewa, in na riƙe masa hannu zuwa Masallacin Huaisheng. A can ya gamu da wani dattijo ɗan zangon Kumasi, mai tura kaya gida, wanda shi ma ya yi farauta a kurmi. Bayan sallah sukan zauna a inuwa, gardamarsu kuma ɗaya ce kullum.

Dattijon na goyon bayan farin kwanso mai ruwan nikel. A cewarsa, a kurmi tagulla kan yi kore cikin ɗamarar fata, ta maƙale a bindiga daidai lokacin da gadu ya nufo ka. Farin kuwa ba ya tsatsa, sulɓi gare shi, ko cikin ciyawa ya faɗi ƙyallinsa zai nuna maka shi. Kaka ya yarda da wannan duka, amma ya ce farin ba ya jimiri. Cikawa kaɗan bakinsa zai tsage, ruwan ya riƙa ɓarewa yana karce ƙarfen cikawa, ƙarfen da ba shi da na biyu a duk ƙasarmu. Tagulla kuwa tana da taushi, za ta bi ka shekaru in ka kula da ita. Ba wanda ya taɓa kayar da wani. Ni dai in gaji da tsayuwa, in yi ta jan rigarsa.

Wata Juma'a da muka dawo, Kaka ya ce wa Abba tunda garin nan ba abin da ba a ƙerawa, ya nemo masa kwanso iri biyun, zai gwada su da rani ya aika wa abokinsa labari. Abba ya ce a ƙasar nan tambayar kaɗai tana iya kai mutum kurkuku. Kaka ya nace. Kwana da kwanaki yana maimaitawa, Abba yana dawowa daga Shiling a gajiye yana kauce wa zancen. Ranar da likita ya ce jijiyar idon ta riga ta mutu, a ranar Abba ya durƙusa gaban Kaka.

"Baba, ku yi haƙuri. Bindigar nan tun kafin mu taso na miƙa ta ga hukuma. Tsoro nake ji kada ku harbi mutum."

Kaka ya tambaya, "Har da ƙarfen cikawar?"

Abba ya ce har da shi.

Juma'ar da ta biyo, dattijon ya ɗauko gardama kamar kullum. Kaka ya ce masa, "Alhaji, naka ya fi." Dattijon ya dube ni, na sunkuyar da kai. Suka zauna har aka kira la'asar. Bayan wata guda aka mayar da Kaka gida, bai sake shiga daji ba har ya rasu.

Bara na je ƙauyenmu. Dajin da ya yi farauta yanzu ba mai shigarsa, wasu ne daban ke riƙe da bindiga a ciki. Na ga yara a bakin hanya suna wasa da kwansuna cike da gwangwani, waɗanda suka tsinto bayan wani hari da aka kai mako guda kafin zuwana. Masu harbin yanzu ba sa sunkuyawa su ɗauka.