Littattafan da Aka Kawo Niƙa a Sharaɗa

Da na gama sakandare ban samu shiga jami'a ba, sai wani maƙwabcinmu a Panshekara ya samo mini aiki a wani kamfanin takarda da ke Sharaɗa. Kamfanin yana sayen tsofaffin takardu, a jiƙa su, a niƙa su a cikin wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe har su koma kamar kunu, sannan a buga kwali da kiret ɗin ƙwai. Ni a rumfar tsinta aka sa ni. Mu ne muke zama a kan buhuna muna cire leda da ƙusa da roba daga cikin takardun kafin su je inji.

Babba a rumfar wani dattijo ne mutumin Damagaram, wanda kowa ke kira Malam. Ya daɗe a Kano har harshensa ya fara juyawa, amma idan ransa ya ɓaci Hausar garinsu ce take fitowa. Yana da wani aiki da ba wanda ya ba shi, shi ya ɗora wa kansa. Duk takardar da aka ga rubutun Arabiyya a jikinta sai an miƙa masa ya duba. In akwai aya ko sunan Allah, ya ware ta a wani kwando daban, ba za ta shiga tukunya ba. Manaja ya san da haka, bai taɓa hanawa ba.

Wata damina aka sauke mana kaya irin wanda ba mu saba gani ba. Littattafai ne cike da babbar mota, daga maɗaba'ar wata jami'a. Direban ya ce rufin ɗakin ajiyarsu ne ya yi yoyo, kuma dama an daɗe ba a saye su ba. Wasu sun kumbura sun manne da juna, wasu ko ledarsu ba a cire ba. Dukkansu da Turanci aka rubuta su. Akwai na tarihi, akwai na harsuna, akwai waɗanda aka yi a kan manoma da 'yan kasuwa da zaman aure da shari'a. Har yau idan na shiga ɗakin da ya sha ruwa, warin da ya cika rumfar nan nake ji.

Aikinmu mu yage bangon mu jefa cikin a tuli. Ba mu yi nisa ba wani ya buɗe ɗaya ya ga layukan Arabiyya a tsakiyar Turancin. Malam ya ce a dakata. Tunda haka ne, in ji shi, kowane iri sai ya bi shi shafi-shafi kafin a taɓa.

A cikin wannan dubawa ne na ga ya tsaya a kan wani shafi ya daɗe. Ya kai littafin bakin ƙofa inda haske ya fi, ya sake kallo, sannan ya yafito ni.

"Ɗana, zo ka karanta mini abin da aka rubuta a ƙarƙashin hoton nan."

Hoto ne marar launi, na wata ganuwa da manyan duwatsu a bayanta. Na karanta, na ce masa an ce tsohon birnin Damagaram ne.

"Na sani," ya ce. "So nake in ji ko su ma sun sani. Bayan dutsen nan gidan kakata yake."

Ya tambaye ni ko littafin duka a kan garinsu yake. Na duba na ce haka ne, tarihin garin ne da fataucinsa. Ya sa shi a cikin kwandonsa, ko da yake babu aya a ciki.

Daga ranar muka fara karatu. Idan an tashi hutun azahar muka yi salla, sai mu sayi garau-garau a wurin matar da ke bakin get, mu zauna a gindin darbejiya. Ina karantawa da Turanci a zuci, ina mayar masa da Hausa. Turancin littafin ya fi ƙarfina nesa ba kusa ba. Jimla ɗaya sai ta cinye rabin shafi, kafin in kai ƙarshenta na manta farkonta. Da fari tsallake wuraren da suka yi mini wuya nake yi. Malam ya gane, domin labarin yana yankewa.

"Inda ba ka gane ba ka ce ba ka gane ba," ya ce. "Ba sauri muke ba."

Sai na ari ƙamus a wurin yayana, nake zuwa da shi a leda kullum.

Wata rana ya nuna mini ƙananan rubutun da ke ƙasan kowane shafi, ya ce me ya sa ba na karanta su. Na ce a nan marubucin yake faɗin inda ya samo maganar, wane dattijo ya gaya masa, a wane gari, ko a wace tsohuwar takarda ya gani. Malam ya gyara zama.

"Ashe suna da isnadi. To daga yau da su za ka riƙa karantawa."

Wannan ya ƙara wa karatun tsawo, amma shi ya fi so. Idan aka ambaci wata unguwa ko wani ƙauye sai ya rufe ido ya gaya mana yadda ake zuwa can daga kasuwa.

Sannu a hankali mutane suka fara taruwa. Wani mai tura baro, mutumin Gumel, ya ce shi ma a nemo masa na garinsu. Ba mu samu ba, amma muka samu wani a kan noman gyaɗa, ya ce wannan ma ya isa, ubansa manomin gyaɗa ne. Aka yi ta gardama a kan wani littafi da ya yi bayanin sana'ar da mata ke yi a cikin gida, wasu na cewa mai rubutun ya yi ƙari, wasu na cewa duk wanda ya tashi a gidan da ake soya ƙuli-ƙuli ya san gaskiya ne. Ni dai abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne a ce wani ya bar gidansa ya yi shekaru yana bin ƙauyuka, yana zama da mutane irin iyayenmu, yana tambayarsu yadda suke rayuwa. A makaranta ba a taɓa gaya mini cewa wannan ma ilimi ne ba.

Akwai ranar da muka kai babin yunwa a littafin Damagaram. Littafin ya kawo yadda fari ya kori mutane daga ƙauyukan arewa, suka bar gonakinsu suka gangaro kudu da ƙafa, wasu suka tsaya a hanya, wasu suka iso har Kano. Ina cikin fassara na lura Malam ya daina cin abincinsa.

"Tsaya haka nan," ya ce. "Mu bari sai gobe."

Ya tashi ya koma rumfa tun ba a buga ƙararrawa ba. Washegari da kansa ya buɗe mini shafin, ya ce in ci gaba.

A wannan lokacin tulin littattafan da muke warewa a bayan buhuna don karantawa ya yi yawa har manaja ya gani. Bai yi faɗa ba. Ya ce an kawo su ne bisa sharaɗin a niƙa, ba shi da ikon rabarwa, amma kowa ya ɗauki ɗaya ya tafi da shi gida, sauran kuma a gama da su kafin Juma'a. Na sha wuya wajen zaɓe. Na ɗauki wannan na ajiye, na ɗauki wancan, daga ƙarshe na tsaya a kan wani da ke bayanin yadda Hausa ta ari kalmomi daga maƙwabtanta. Sauran da hannunmu muka yage musu bango. Bayan 'yan kwanaki kiret ɗin ƙwai suka fito, wasu da ɗan guntun harafi a jikinsu.

Saura babi ɗaya mu gama littafin Damagaram aka aiko wa Malam cewa wansa ya rasu, kuma babu babba a gida sai shi. Ya haɗa kayansa. Na raka shi tasha, na ga littafin a saman jakarsa, ya naɗe shi a cikin rawani.

"Malam, wa zai karanta muku? Can ai Faransanci ake yi."

"Ba za a rasa ba," ya ce. "In an rasa, akwai hoton."

Ya yi mini addu'a, ya ce in koma makaranta, kada in tsufa a kan buhu.

Na koma ɗin, ko da yake sai da aka ɗauki lokaci. Da rana ina aiki, da yamma ina zuwa kwalejin horar da malamai, kuma tarihi na karanta. Kamfanin ya rufe daga baya, lokacin da matsalar wuta ta durƙusar da masana'antu da yawa a Sharaɗa da Challawa. Yanzu wurin ya zama ɗakin ajiyar shinkafa, an sare darbejiyar don manyan motoci su samu wurin juyawa.

Mutumin Gumel ɗin yana nan, adaidaita sahu yake ja tsakanin Panshekara da cikin gari, kuma in muka haɗu ba ya barina in sauka sai mun yi hirar mutanen rumfa. Shi ya gaya mini wani direba ya ga Malam a Damagaram, ya tsufa ƙwarai, idonsa ya yi rauni, amma yana nan yana limancin wani ƙaramin masallaci a unguwarsu.