Kaset Uku da Ba Su da Na Huɗu

Da maigidana ya rasu, abin da na taho da shi daga Jega zuwa gidanmu a Maiyama kwalayen kaset ne. Shagon hayar kaset yake da shi kusa da tasha, tun lokacin da ake layi a karɓi sabon fim a kai gida. Na tura kwalayen ƙarƙashin gado, shekaru suka yi ta wucewa a kansu. Bidiyon da muke kallo da shi ya lalace, mai gyaransa ma ya koma gyaran waya. Idan damina ta yi nisa sai wani wari ya riƙa tasowa daga ƙarƙashin gadon, irin warin shagonsa da safe kafin a buɗe taga. Nakan tsaya da tsintsiya a hannu kamar an kira ni.

Wanda ya sa na fito da su taubashina ne, ɗan gwaggona, da ke aiki a wani ɗakin karatu a Aliero. Ya ce suna tattara tsofaffin finafinai suna juye su a kwamfuta kafin fumfuna ta cinye zaren. Amma fim kawai za su ɗauka, shirin talabijin ba ya cikin aikinsu. Ya iso da hantsi, ya ajiye kwali biyu a tsakar gida, ɗaya na fim, ɗaya na talabijin.

Inna tana tsintar shinkafa a gindin bango, ta ce, "Wane irin aikin banza ne wanga? Ai duk cikin talabijin munka kalle su."

"Inna, akwatin daban, shirin daban," in ji shi. "Wanda anka nuna a sinima fim ne. Wanda tasha ta watsa mako-mako na talabijin ne."

"To waɗanga hwa? Ba su ga sinima ba, tasha ba ta san da su ba. Daga kasuwa sai ɗaki."

Ya sosa ƙeya ya yi dariya. Ya ce su ma abin ya ba su wuya, shi ya sa suka tsayar da ƙa'ida. Labarin da ya ƙare fim ne, ko a kaset nawa ya zo. Wanda yake ta ci gaba ba ƙarshe, da shirin talabijin ya yi kama, can za a ajiye shi.

Muka yi ta rabo, yana ɗagawa ina faɗa masa, don babu wanda ban kalla ba. Sai hannunsa ya kai kan kaset uku da na ɗaure da tsohon kallabi.

Samarin Jega ne suka haɗa wannan fim da kyamarar ɗaukar biki. A gonakin albasa na Aliero suka ɗauki rabi, sauran a Gumbin Kure. Maigidana ne ya fito a saurayin, kuma shi ya tsara labarin. Ni kuwa a lokacin littattafan soyayya sun cika mini kai, har nakan gyara masa kalaman da zai faɗa wa budurwar, ina kishi ina gyarawa. A ƙarshen kaset na uku yana tsaye a kan motar albasa za shi Kurmi, ya waiwayo ya ce, "Ki jira ni, kafin a cire ta baɗi na dawo." Sai rubutu ya fito cewa a haɗu a na huɗu. Zazzaɓi ya kwantar da shi kafin a ɗauki na huɗun, bai tashi ba.

Taubashina ya san da wannan duka. Ya juya kaset ɗin, ya nuna mini farin da ya fara bin zaren ta ƙaramar tagar.

"Uwar soyayya, wanga ba shi da ƙarshe."

"Kai bawana, littattafan da nake karantawa na ɗaya da na biyu da na uku suke fitowa. Ka taɓa jin an ce da su jarida?"

"Su ai sunka ƙare, an ɗaura aure an yi buɗar kai. Ke dai ki bar ni da bawa, ni ne ubangidanki." Sai ya rage murya. "Ba ni kaɗai ke dubawa ba. In an tambaye ni yadda ya ƙare, mi zan ce? Ki ba ni ƙarshe in sa shi a fim."

Na dubi kaset ɗin a hannunsa. Idan ya shiga kwalin talabijin ƙarƙashin gado zai koma, damina biyu ba za ta bar komai a kansa ba, kuma muryar maigidana babu ita a ko'ina a duniya sai a cikin wannan zaren.

Ƙarshe kam ina da su da yawa. Na sha tsara su ina wanke-wanke. A wani ya dawo da motarsa ta kansa. A wani ya dawo ba ko takalmi, ta gane shi da tafiyarsa tun daga nesa. A dukansu dawowa yake yi. Manema sun zo bayan na fita takaba, na yi ta ba su haƙuri ba tare da na san me zan ce ina jira ba. A tsakar gidan nan, ina kallon kwali biyu, na gane na huɗu nake jira.

Na buɗe baki zan ba shi mafi daɗi a cikinsu, sai na ji ba zai fito ba.

Na ce, "Bai dawo ba. Ta jira, aka cire albasa, bai dawo ba. Nan ya ƙare."

Inna ta daina tsintar shinkafa. Taubashina bai tsokane ni ba. Ya ce, "Allah ya jiƙan shi," ya sa su a kwalin fim da kallabin a jikinsu.

Bayan sallar layya ya turo mini fim ɗin a waya. Fumfuna ta riga mu zuwa wasu wurare. A kan motar albasar hoton sai rawa yake, fuskar ta koma fari fat, hula kawai ake ganewa da hannun da ya ɗaga. Muryar ce ta fito ras, har da ɗan tarin da yake yi kafin ya yi magana. Taubashina ya tambaye ni ko a yanke rubutun nan na haɗuwa a na huɗu. Na ce a yanke.

Yanzu idan ya ce in jira shi, sai fuskar wayar ta yi baƙi, in ga tawa fuskar a ciki, da furfurar da bai san ni da ita ba.