Ranar da Aka Ce Maigidana Ya Tafi Caji

Da na haifi 'yata ta fari, Inna ta zo daga ƙauye ta zauna da mu a Maitumbi don wankan jego. Kwanan unguwarmu huɗu ba wuta. Da hantsi Inna ta leƙa ƙofar gida, ta tambayi mai tuyar masa ko ta ga maigidana.

"Ya tafi caji tun safe," in ji matar.

A garinmu caji ɗaya aka sani, caji ofis, inda 'yan sanda ke tsare mutum. Inna ba ta gaya mini ba, wai kada hankalina ya tashi nono ya ɗauke. Ta yafa mayafi ta buga ƙofar maƙwabciyarmu, wata dattijuwa 'yar Gbagyi, Kirista, wadda ta yi ritaya daga koyarwa.

"Baiwar Allah, ki raka ni wurin hukuma, sun kama surukina."

Malamar ta yi mata tambaya biyu ta gane komai, amma ko murmushi ba ta yi ba. Ta kama hannunta har bakin titi, shagon mai janareta. Ga maigidana a benci yana jiran wayarsa ta cika. Inna ta kau da kai don kunya, ta juyo tana hamdala.

A hanya malamar ta ce, "Mama, ba ki yi kuskure ba, kalmar ɗaya ce. Turawan ma aro ta suka yi. Asalinta ɗora kaya ne a kan amalanke. A caji ofis laifi ake ɗora wa mutum. A nan wuta ake ɗura wa waya. Nas ɗin da ta karɓi haihuwar 'yarki, in an ce ita ce incaj, nauyin ɗakin aka ɗora mata."

Inna ta ce, "Ashe duk dako ne."

Daga ranar malamar take shigowa kullum da la'asar. Inna ta koya mata dama kunun kanwa, ita kuma ta koya wa Inna amsa waya. Ni ban ji labarin ba sai bayan arba'in, daga bakin Inna da kanta, tana dariya har da hawaye. Malamar ba ta taɓa faɗa wa kowa a unguwa ba. Da na je yi mata godiya, sai kawai ta karɓi jaririyar ta ce in zauna in huta.