Malamar da Ke Hana Taɓa Kwamfuta Sai An Tambayo

Ƙarfe bakwai da rabi take buɗe ɗakin kwamfuta, ta yaye ƙyallayen da ke rufe da na'urori, sannan ta ja kujera ta tsare bakin ƙofa. Shekara ashirin da biyu ke nan, wannan watan za ta yi ritaya. Duk ɗan ajin ƙarshe da ya zo fara aikin jarrabawarsa, tambaya ɗaya take yi masa: "Wa za ka haɗa wa manhajar, kuma me ya ce yana so?" In ya fara kame-kame, sai ta nuna masa hanya. Yara suka laƙaba mata Je-ka-tambayo. Abin haushi, har iyaye suka taya su, wai tana ɓata wa 'ya'yansu lokaci.

Bara 'yar wani direba, wadda ta fi kowa kai a ajin, ta kawo manhajar da ta yi wa kawunta tela, cike da launuka da hotunan ɗinki. Saura mako uku a miƙa aiki, kuma da makinsa za ta nemi jami'a.

"Kin zauna da shi?" in ji Malama.

"Haba Malama, kawuna ne fa, na san shi."

"Ban ce kin san shi ba. Kin tambaye shi?"

Ashe ba ta tambaye shi ba. Malama ta ƙi sa hannu a kan aikin. Uban ya zo ofis yana sababi, shugaban makaranta kuwa, maimakon ya tsaya mata, sai cewa ya yi a sa hannu kawai a huta. Ita ko ta ɗauki jakarta, ta tasa yarinyar a gaba har shagon kawun.

Telan ya dakatar da keke, ya leƙa manhajar, ya tuntsire da dariya. "'Yata, hoton ɗinki kuma? Ni fa ke ɗinka su! Ki samo mini abin da zai hana ni yi wa mutum biyar alkawarin rana ɗaya. Jiya wata ta kusa tafiya da almakashina."

Yarinyar ta sha kukanta, sannan ta yini biyu a shagon da littafi, tana rubuta riga nawa yake iya gamawa a rana. Ta sake aikin daga tushe, ta ci. Uban har yau bai tako ya ba da haƙuri ba.

Malama, ke ce mai taurin kan da ya yi rana. Ke kika koya wa yara cewa sanin mutum daban, jin buƙatarsa daban. An yi ƙararki, an yi miki laƙabi, ba a taɓa ba ki ko takardar yabo ba. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Ku kuma malaman da za ku gaje ta, in yaro ya zo da aikin da ya ƙago daga kansa, ku mayar da shi ya tambayo, ko ubansa zai ɗaga rufin makaranta da ihu.